Fil Mai Shuɗin Kai

A ofishin nan babu wanda ya kai Mai Shayi daɗewa sai janareto. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji wata shida-shida suke yi, kafin ta gama sanin wa ke shan sukari biyu, wa ke da ciwon suga, an ɗauke shi an kawo wani. Ita kuwa tun ranar da gwamnati ta buɗe wurin, bayan an daina harbe-harbe, take share ɗakin taro, ta goge tebur, ta dafa ruwa. Sunan ofishin tsawo gare shi, sai da aka haɗa allo biyu a bakin ƙofa kafin ya shige. 'Yan gari dai Ofishin Daidaitawa suke ce masa.

Aikinsa ɗaya ne: kada a yi abu sau biyu. A shekarar farko ƙungiyoyi uku sun haƙa burtsatse uku a layi ɗaya, kusa da kusa, har masu ɗiba na miƙa wa juna bokiti, sauran gari kuwa ko ɗigo. Da labarin ya kai babban birni sai aka turo Oga. Ya zo da riga mai aljihu goma sha biyu, babu komai a cikinsu sai biro ɗaya, da katin wuya wanda ko banɗaki za shi ba ya cire shi. Ya kafa taswirar gari a bangon ɗakin taro, ya sayo fil kala uku: ja na asibiti, rawaya na makaranta, shuɗi na ruwa. Ko'ina kusa da taswirar hotunansa ne yana yanka ƙyalle, guda goma sha tara. Mai Shayi ta san adadinsu don ita ke goge su.

Allon da aka manna taswirar gara ta cinye bayansa. In aka ƙure fanka, fil kan faɗo. Wata safiya, wata uku da suka wuce, ta tsinci ɗaya mai shuɗin kai a ƙarƙashin kujerar Oga. Ta miƙe ta duba ramin da ya fito, ta tarar taswirar duk ramuka ce kamar rariya. Ba ta yi boko ba, amma shekara biyu tana goge abu ai ta san shi. Ta san kogi, ta san gada, ta san ɗan lanƙwasar nan ta tsallaken gada inda gidan Innarta yake. Kuma ta lura duk inda shuɗin fil ya zauna akwai ruwa. Sai ta ɗauka fil ɗin ne ke jawo ruwan: a soka, motar haƙa ta biyo baya. Ta waiga, babu kowa. Ta soka shi daidai kan rufin Inna, ta danna da babban yatsa.

Da yamma ta ce wa Inna, «An sa mu a layi.» Ta ce kada ta gaya wa kowa. Kafin gari ya waye duk tsallaken gada sun sani.

Ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Tankin unguwar harsashi ya mayar da shi abin kallo, bututun kuma an tone an sayar. Ruwa sai an hau unguwar kan tudu, su kuwa mutanen kan tudu a ɗaya ɓangaren suke lokacin rikici. Yanzu ana gaisawa, amma gaisuwar iyakarta baki. A watan jiya wani ya tsaga jarkar wata mata da wuƙa a layin famfo, maza suka fito da sanduna daga ɓangarorin biyu, da ƙyar aka raba. Tun daga nan Inna ta hana kowa zuwa, ita take hawa da kanta da jarka biyu a baro, da gwiwarta mai ciwo.

«Tsohuwa ba a dukanta,» in ji ta. «Zagi kawai ake yi, ni kuwa kunnena ɗaya ba ya ji.»

Ranar Litinin aka yi taro. Motar haƙa saura mata rijiya shida ta bar garin, an ba da ita ga wani yanki, ba kuma wanda ya san ranar dawowarta. Mai Shayi na zagayawa da tire Oga ya miƙe da sandar nuni ya karanta wurare shidan. Babu tsallaken gada. Wata baƙuwa mai gilashi, sabuwar zuwa, ta tambaya, wancan gefen kogin fa?

«An gama da su,» in ji Oga, ya buga sandar a kan shuɗin fil ɗin. «Kin gani. Duk inda kika ga fil, aiki ya kammala. Ba ma maimaitawa a nan. Ranar Alhamis wakilin ma'aikatar ruwa zai zo ya sa hannu a kan shidan.»

Mai Shayi ta zuba wa baƙuwar shayi har ya cika ya taɓa baki, ba ta zubar ba. Ta koma kicin ta ajiye tire, ta tsaya tana kallon buta. Wato da yatsanta ta cire unguwarsu daga layi.

Da aka watse ta shiga ta zare fil ɗin. Ba ta kai ƙofa ba Sakatariya ta gan ta. Sakatariya mace ce mai kirki wadda ta yarda da fayil fiye da yadda ta yarda da idonta.

«Ke Mai Shayi, me kika ɗauka?»

Ta buɗe hannu. Ta faɗi komai, tiryan-tiryan. Sakatariya ta dafe kai, sannan ta karɓi fil ɗin ta mayar da shi inda yake.

«Anti, ƙarya fa yake yi a wurin.»

«Na ji. Amma an ɗauki hoton taswirar, an tura, yana cikin rahoto uku. In kika cire, bango ya saɓa wa rahoto. Kin taɓa ganin an gyara rahoto don bango?»

«To a gyara shi don mutane.»

«Je ki ga Oga. Amma ki sani aikinki kike kai masa a tire.»

Ta je. Oga na cin biskit yana karanta jawabin da ya yi a bara. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sake faɗin komai. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai kamar a taro.

«Wace ƙungiya kike wakilta?»

«Ranka ya daɗe, ni ce mai shayi.»

«Na sani. Abin da nake nufi, ofishin nan ba ya karɓar bayani sai daga ƙungiya mai rajista. Ke a tsarinmu ba ki taɓa taswira ba, don ba ki da izinin taɓawa.»

«Na taɓa, ranka ya daɗe. Da wannan yatsan.»

«A tsari nake magana.»

«To a zo a duba. Tafiyar minti ashirin ce a ƙasa.»

«Tsallaken gada wuri ne mai haɗari a takardar tsaro. Sai da rakiyar jami'ai. Neman rakiya sati biyu ne.»

«Can nake kwana kullum.»

«Allah ya ƙara tsarewa,» in ji Oga, ya miƙa mata kofinsa ta tafi da shi.

A gida ta tarar da Inna zaune a bakin ƙofa tana shafa man zafi a gwiwa. Ba ta ɓoye mata ba. Inna ta ɗago ta kalle ta.

«Wato ke ce gwamnatin da ta hana mu ruwa.»

«Ni ce, Inna.»

«Na yi ta zagin mutane a raina ashe a cikina na ɗauko ta wata tara.» Ta rufe kwalbar man. «To shi abin, daga sama ya faɗo?»

«Daga allo.»

«Daga ina a allon? Ai kafin ki sace shi na wasu ne.»

Mai Shayi ta zauna a kan jarka. Lallai fil ɗin daga wani wuri ya faɗo. Wani wuri mai burtsatse, wanda tun wata uku taswira ke cewa ba shi da ita. In haka ne, zai iya kasancewa cikin shidan da Oga ya karanta. Kuma in akwai abin da Oga ke tsoro fiye da mutuwa, to a ce ya yi abu sau biyu ne.

Ofis ƙarfe huɗu ake tashi. Ranar Talata tana rufe kicin ta ɗaura zani sosai ta kama hanya. Wurare shidan ta haddace su tun a ɗakin taro. Na farko, bayan makarantar da ta ƙone, babu ruwa, mata na tonon yashi a rafi. Na biyu haka. Na uku, wani mai gyaran keke ya ɗauka ma'aikaciyar agaji ce, ya kawo mata benci ya fara jero mata matsalolinsa, sai da ya ga silifas ɗinta ya janye bencin. Laraba da sassafe kafin aiki ta je na huɗu, nan ma ƙishirwa ce tsagwaronta. Silifas ɗin ya tsinke a hanyar dawowa, ta ɗaure shi da waya. Ta shiga ofis a makare, Sakatariya ta kalli ƙafafunta ta kalli agogo, ba ta rubuta komai ba.

Na biyar bayan tsohuwar tasha ne, can ta nufa da aka tashi da yamma. Tun kafin ta sha kwana ta ji ƙarar hannun famfo, ƙi-ƙi, ƙi-ƙi. Ga burtsatse nan lafiya lau, an zagaye ta da siminti, wani na wanke babur a gefe. Allon da ke ɗauke da sunan ƙungiyar da ta haƙa babu shi, sai ƙafafunsa biyu. Can gaba ta hango shi, an yi ƙofar kejin kaji da shi.

«Ashe kuna da ruwa,» ta ce wa mai babur.

«Muna da shi. An ce ma za a ƙaro mana wata.»

«Ba ku gaya musu kuna da ita ba?»

«Ba su tambaya ba, Yaya.»

Ta sha ruwan da tafin hannu. Tana ɗagowa idonta ya sauka kan shagon tela da ke bayan famfon. An zana ƙaton almakashi a bangonsa, harsashi ya cinye kunne ɗaya. Ta tsaya cak. Almakashin nan ta san shi. Kullum sai ta goge shi da tsumma. Hoto na bakwai daga taga, Oga yana yanka ƙyalle yana dariya, almakashi a hannunsa, wani almakashin a bayan kansa.

Saura bakin da zai faɗa. Ita dai a taro kalmominta biyu ne, shayi ko kofi. Sai ta wuce filin da ake ajiye motar haƙa. Mai haƙa na kwance ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai ake gani. Dattijo ne, kuma yana da rajista, har da katin wuya, ko da yake a madubin mota yake rataye shi.

«Baba, sannu da aiki.»

«Wa ke nan? A'a, Mai Shayi. Yau shayin ne ya biyo ni har gida?»

Ta tsuguna ta ba ƙafafun labari. Can ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai.

«'Yata, ni inda aka nuna min nake haƙawa. In suka ce tsakiyar kogi, sai in ce a kawo kwalekwale.»

«Ban ce ka ƙi ba. Tambaya ɗaya kawai za ka yi.»

«Wace iri?»

Ta gaya masa. Ya fara dariya har sai da tari ya kama shi.

«Kin san za su kore ki.»

«Na sani. Inna ce ba za ta ƙara shekara tana tura baro ba.»

Ranar Alhamis manyan motoci farare suka cika harabar. An kawo ruwan gora, an kunna majigi. Wakilin ma'aikatar ya zauna a tsakiya, mutum ne siriri mai yawan duba agogo. Oga ya yi minti arba'in yana bayanin yadda ofishinsa ya kawo ƙarshen maimaita aiki, da zane-zane masu kibiya. Ya kawo takardar wurare shida ya ajiye gaban wakilin, ya ciro bironsa ɗaya tilo daga aljihu na huɗu.

Mai haƙa ya ɗaga hannu daga can ƙarshen tebur.

«Ranka ya daɗe, tambaya ce ta aiki. Ta bayan tsohuwar tasha, in haƙa ta a dama da wadda ke wurin, ko a hagu?»

Wakilin ya ɗago. «Wacce ke wurin?»

«Babu komai a wurin,» in ji Oga. Ya nuna taswira. «Ga shi, babu fil.»

«To, wataƙila idona ne,» in ji mai haƙa. «Don na je da safen nan na duba ƙasar wurin, har na wanke fuska.»

Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye. Oga ya fara bayanin cewa bayanin da ba a tantance ba ba bayani ba ne. A lokacin Mai Shayi ta shigo da tire. Ta bi bango kamar kullum, ta tsaya a hoto na bakwai daga taga, ta sauke shi, ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta ɗora shi a tire tsakanin sukari da madara. Ta je ta ajiye gaban wakilin.

«Shayi ko kofi, ranka ya daɗe?»

Wakilin ya kalli hoton. Ya kalli Oga. Ya sake kallon hoton.

«Wannan ina ne?»

Oga ya leƙa. Shi kansa bai sani ba, goma sha tara ne, kuma duk dariya iri ɗaya ya yi.

«Bayan tsohuwar tasha ne,» in ji Mai Shayi. «Ga almakashin tela nan a bango, kunne ɗaya. Yana nan har yanzu. Famfon ma yana nan, yana ba da ruwa.»

«Ba ta da izinin magana a taro,» in ji Oga.

«Ni na tambaya,» in ji wakilin. «Ci gaba, Malama. Me ya sa babu fil a wurin?»

«Ya faɗo, na tsinta. Na soka shi a kan gidanmu, a tsallaken gada. Na ɗauka in an soka ruwa ke zuwa. Ba mu da ko ɗigo. Kan tudu muke hawa, kuma ranka ya daɗe ka san mu da su.»

 Baƙuwa mai gilashi ta buɗe fayil ta ce ai kuwa akwai rahoton faɗa a layin famfon kan tudu, yana wurin kwamitin zaman lafiya, su kuma kwamitin ruwa ba su gani ba don ranar taronsu daban. Wani ya ce ya kamata a kafa ƙaramin kwamiti ya haɗa kwamitocin biyu. Oga ya tuna da rakiyar jami'ai, sati biyu.

Wakilin ya duba agogo. «Ke a can kike kwana?»

«Kullum.»

«An taɓa harbinki?»

«Tun da aka daina, a'a.»

«Kai mai haƙa, motarka za ta haye gadar?»

«Ta haye wadda ta fi ta lalacewa.»

Wakilin ya karɓi biron Oga, ya ja layi a kan na biyar, ya rubuta tsallaken gada a samansa, ya sa hannu. A daidai lokacin wani jan fil ya saki allo ya faɗo ƙasa, ya gangara har gindin tebur. Kowa ya gan shi. Babu wanda ya motsa.

«Wannan kuma asibitin wa ne?» in ji wakilin.

Babu wanda ya sani. Mai Shayi ta sani, amma ba a tambaye ta ba, sai ta kwashe kofuna.

Washegari Sakatariya ta miƙa mata takarda, idonta a ƙasa. An sallame ta saboda taɓa kayan aiki ba da izini ba. Ta ce a karanta mata sau biyu.

«Wato yanzu a tsari na taɓa.»

«Kin taɓa.»

«To alhamdu lillahi.»

A ranar aka kira kafinta ya sa wa taswirar gilashi da kwaɗo. Oga ya tura rahoto cewa binciken ofishinsa ya gano kuskure kafin ya faru. Kafin a rufe gilashin, Sakatariya ta mayar da shuɗin fil bayan tsohuwar tasha, tsallaken gada ya koma fili, sai ɗan rami.

Motar haƙa ta haye gada ranar Asabar, gadar na kuka, mai haƙa na fito. Kwana uku tana ruri a filin da ke gaban gidan Inna. Inna ta fito da kujera ta zauna tun daga farko har ƙarshe, tana ba injin umarni. A rana ta uku laka ta yi tsalle sama ta wanke rabin masu kallo, bayanta ruwa ya biyo, ja, sannan fari. Har daga kan tudu wasu suka sauko kallo, suka tsaya nesa-nesa. Inna ta hango matar da ta fi kowa zaginta a layi, ta ɗaga murya.

«Ke, matso ki gani. In naku ya lalace ki zo, zan rama zagina a zaune.»

Matar ta matso.

Bayan sati biyu sai ga Sakatariya da kanta a tsallaken gada, ba rakiya, tana ɗaga takalma daga laka. Ta tarar da Mai Shayi ta kafa tebur kusa da famfon, da buta da kofuna shida, tana sayar wa masu jiran layi.

«Oga ya ce in tambaye ki. Jan fil ɗin nan, daga ina ya faɗo? Rahoto na jira.»

Mai Shayi ta ɗauraye kofi, ta zuba mata, sukari ɗaya da rabi kamar yadda take sha.

«Anti, ai ba ni da rajista.»

«Don Allah.»

«Na san wurin. Ki ce masa tafiyar minti talatin ce a ƙasa. In ya shirya ya sa takalmi mai ƙwari, ni zan raka shi.»